Fashin baƙi: Kowa na riƙe da waya a Jos, to wa ake cewa an bari a baya?

Tun da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a 2025 cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta kamar yadda JAMB take yi, maganar koyon kwamfuta ta dawo bakin iyaye a Jos. A majalisu ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa 'ya'yan talakawa za a durƙusar. Wasu kuwa na ganin kukan ba shi da tushe: wane yaro ne yau bai iya latsa waya ba? Ka bi ta Unguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos da yamma, kowane dakali matasa ne sun sunkuyar da kai a kan waya. Mai shayi na karɓar tiransfa, mai keke ma haka. To su wa ake nufi idan hukumomi suka ce akwai miliyoyin mutanen da aka bari a baya a harkar intanet? Idan kuma da gaske akwai su, nauyin wa ne ya janyo su: gwamnati, kamfanonin waya, ko unguwa?

Abin da ake nufi da shigar da kowa

Maganar "shigar da kowa" da jami'an gwamnati da ƙungiyoyi ke yawan yi a taruka, ma'anarta ita ce a tabbatar kowa ya samu shiga harkar intanet har ya amfana da ita. Shigar nan ƙofofi ne a jere, kuma wanda ya wuce ta farko yana iya maƙalewa a ta uku. Sai sabis ya kai inda mutum yake. Sai ya mallaki wayar da za ta buɗe shafi, ba 'yar ƙaramar nan ta kira da tocila ba. Sai ya iya sayen data, ya kuma samu inda zai yi caji. Bayan duk wannan, sai ya san abin da zai yi da wayar, hankalinsa kuma ya kwanta cewa ba za a yashe masa asusu ba idan ya taɓa.

Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, takan raba waɗanda ba sa amfani da intanet gida biyu. Akwai waɗanda sabis bai kai garinsu ba sam. Akwai kuma waɗanda sabis ke shawagi a kan rufin ɗakinsu amma ba sa amfani da shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi na biyun ya ninka na farko sau da yawa, kuma dalilan da mutane suka fi ambata su ne tsadar waya da rashin sanin yadda ake aiki da ita. A jihar Filato akwai ƙauyukan da har yanzu sai an hau tudu ake samun kira, wannan ciwo ne mai zaman kansa. Amma cikin garin Jos, daga Farin Gada har Bukuru, ƙofar da ta fi tare mutane ita ce ta ƙarshe.

Iya latsawa daban, iya aiki daban

Kwanakin baya na tsaya wajen wani mai POS a Terminus ina jiran layi ya zo kaina. Wata dattijuwa da ke gabana ta kwance bakin zani ta ciro kati ta miƙa masa. Ya sa adadin kuɗin, ya juyo mata da na'urar. Sai ta ce, "Ɗana, danna mini kawai, idona ba ya gani sosai," ta faɗi lambobin nan huɗu da ƙarfi, mu kusan shida muna tsaye. Yaron, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Mama, ki daina faɗa a fili." Ta ce, "To ai kai ɗana ne." A hannunta na hagu kuwa babbar waya ce, irin wadda 'ya'ya kan aiko wa iyaye, saƙonnin WhatsApp na ta shigowa.

A lissafin hukuma, matar nan tana cikin masu amfani da intanet. Layinta na cin data kowane wata. Amma duk abin da ta tara yana hannun duk wanda ya tsaya kusa da ita.

Idan aka ce ilimin intanet na matakin farko, ba rubuta manhaja ake nufi ba. Abubuwa ne ƙanana da rayuwar yau ta ɗora a wuyan kowa. Mutum ya buɗe imel da kansa, ya riƙe kalmar sirrinsa. Ya bambance saƙon banki na gaske da na damfara. Ya san cewa lambar OTP da aka turo masa mabuɗin ɗakinsa ce, ko wanda ya kira ya ce shi manajan banki ne ba a karanta masa ita. Ya cike fom, ya ɗora hotonsa daidai girman da aka nema, ya adana takardar da aka ba shi inda zai sake samunta bayan shekara biyu. Ya san *323# na nuna masa ragowar data, ya san tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin tallan da ke damunsa, ya san 622 layin kai ƙara ne na hukumar sadarwa ta NCC idan kamfanin waya ya ƙi saurarensa. Ya kuma iya tsayawa ya tambayi kansa kafin ya tura bidiyo gaba: wannan yaushe aka ɗauka, a ina?

Matasan da ake cewa sun iya waya ma, da yawansu iyawar ta tsaya a TikTok da Facebook. Yaro zai haɗa bidiyo mai kyau da yatsa biyu, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu. Hukumar ta sauƙaƙa ta yadda ko ba a taɓa linzamin kwamfuta ba za a iya yi da madannai kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Wanda ya saba, wannan ba komai ba ne. Wanda ranar ce ranarsa ta farko, mintunan farko tsoro ne ke cinye su: kada in danna wani abu ta mutu, kada in miƙa ban gama ba. Ya yi karatun, ya san amsar, amma hannunsa na rawa.

Yadda aka kwashe ƙofofin aka mayar cikin waya

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma shekaru goma na farko zaɓi ce: mai so ya saya, marar so ya ci gaba da rayuwarsa. Daga baya ne abin ya sauya, a hankali, ba tare da an zauna an yi wa jama'a bayani ba. Babban Banki ya kawo BVN a 2014. A 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya. N-Power ta zo a 2016, neman shiga sai ta intanet. A Disamban 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 ta shafin intanet ake nemansa. Ɗaukar aikin soja, ɗan sanda, kwastam, neman fasfo, duk hanyar ɗaya ce.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjarsa, kuma ni ina ganin yawancinsu daidai ne. Sun rage satar amsa, sun rage sunayen bogi, sun rage wanda zai tsaya a bakin ofis yana cewa a ba shi na goro. Inda aka yi kuskure shi ne an sauya wa gidan ƙofa ba a nuna wa mazauna inda sabuwar take ba.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 shi ya fi fito da abin fili. 'Yan gwari a Farin Gada ba su da zaɓi: tumatir da kabeji da karas ba sa jiran hukuncin Kotun Ƙoli. Ko ka karɓi tiransfa, ko ka zuba ido kayanka su ruɓe. Cikin 'yan makonni, mutanen da suka shekara arba'in suna kasuwanci da tsabar kuɗi suka buɗe OPay da PalmPay da Moniepoint. Babu jami'in da ya koya musu. Yaron shago ne, ɗan maƙwabci ne, abokin rumfa ne. Wannan ya nuna cewa mutanenmu suna koyo da sauri idan buƙata ta matsa kuma malamin na kusa. Ya kuma nuna illar karatun dole: an koyi karɓa da turawa, ba a koyi duba asusu ba kafin a saki kaya, shi ya sa masu alat na ƙarya suka ci kasuwarsu a lokacin.

"Kawo in yi maka"

Taimakon juna a harkar waya ba sabon abu ba ne da za a kawo mana daga waje. Yana nan a kowane lungu: mai kafe (shagon intanet), mai cajin waya, mai tura waƙoƙi, mai POS, ɗan gidan da ya yi sakandare. Su ne suka riƙe unguwanninmu shekara goman nan. Sai dai kusan duk taimakon salo ɗaya ne, wato kawo in yi maka.

Wata gwaggona, bayan rasuwar mijinta, ta je wani kafe a yi mata rajistar wani tallafi. Yaron ya tambaye ta imel, ta ce ba ta da shi. Ya buɗe mata nan take, ya sa kalmar sirri daga kansa. Ya nemi lambar waya, wayarta ba caji, ya sa tasa don aiki ya yi sauri, mutane na jira. Ta biya, ta yi godiya, ta karɓi takarda ta sa a ƙarƙashin katifa. Bayan fiye da shekara aka ce sunanta ya fito, ta shiga ta tabbatar. Lambar shiga ta tafi wayar yaron, yaron kuma ya bar gari. Na zauna da ita muna ta gwada kalmomi, tana cewa, "Gwada sunan Abba, wataƙila shi ya sa." Ba mu samu ba. Yaron bai cuce ta da gangan ba, taimakonta ya yi iyakar saninsa. Amma ta fito daga shagon nan ba ta mallaki komai ba cikin abin da aka buɗe da sunanta.

Irin wannan ya cika gari. Ɗalibi kan tura NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar rajistar JAMB, layin da ya yi amfani da shi kuma ya zama nasa a wurin hukumar, wadda ta sha yin gargaɗi a adana shi. Yara nawa ne suka yi da layin yayansu ko na mai shago, sai lokacin neman gurbin karatu ya zo a shiga neman layi? Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan sake sayar wa wani, alhali asusun bankin mai shi na farko na nan a ɗaure da lambar.

Me ya sa ba a koyarwa, sai dai a yi wa mutum? Yi ya fi sauri: minti biyar a kan rabin awa. Mai shago kuma abincinsa na cikin dawowar abokin ciniki. Amma babban dalilin yana cikin gida, kuma shi ne wanda shirye-shiryen gwamnati ba sa gani. Uba ya ce wa ɗansa, "Zo ka nuna mini yadda ake tura kuɗin nan." Ɗan ya karɓe wayar, yatsu suka yi ta gudu, ya miƙo: "Ga shi, Baba, ya tafi." Uban bai ga komai ba. Zai sake tambaya sau ɗaya, wataƙila sau biyu. Ranar da ya ji an ce "Baba, ai na nuna maka jiya," ya gama tambaya ke nan har abada. Dattijon da ake kawo wa ƙara a unguwa ba zai yarda ya zama ɗalibin da ake gajiya da shi a cikin gidansa ba. Kunya da girma sun hana mutane koyon waya fiye da yadda tsadar data ta hana su, a ganina.

Nan ne 'yan damfara ke samun ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. A kira mutum a ce ana taron ƙungiya da daddare, ya karanto lambar da aka turo masa don a sa shi a ciki. Yana karantowa an ƙwace masa WhatsApp, an shiga roƙon kuɗi a wurin 'yan'uwansa da sunansa. A turo linki a ce tallafin gwamnati ne, a cike BVN. Manhajojin bashi su kwashe lambobin da ke wayar mutum su yi ta tozarta shi. Harkar zuba kuɗi ta bogi ta MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, irinta CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma cikin waɗanda suka faɗa har da masu digiri. Wato abin da ake buƙata ya haɗa da sanin wanda za ka tambaya kafin ka danna.

Abin da gwamnati ta ce tana yi

Ba a zaune take ba. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, ta sa burin kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa su samu ilimin intanet zuwa 2027, kashi 95 zuwa 2030, tana kuma amfani da masu yi wa ƙasa hidima wajen koyarwa. Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku sana'o'in fasaha. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa, ya daɗe yana kai kwamfutoci makarantu.

3MTT na waɗanda suka riga suka hau tsani ne, neman shigarsa ma ta intanet ake yi. Gwaggona ba ta cikin lissafinsa. Sauran shirye-shiryen kuma ciwonsu ɗaya: ana auna nasara da yawan kawunan da suka zauna a zaure. Bita ta kwana uku, kuɗin mota, takardar shaida, hoto. Ranar ta huɗu matar ta koma gida, wayar ta nuna wani abin da ba a yi a aji ba, babu wanda za ta tambaya. Na taɓa shiga ɗakin kwamfuta na wata makaranta, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu hula. Babu wuta, babu malami, shugaban makarantar kuma na tsoron a ɓata ɗaya a ce ya biya. A takarda makarantar nan tana da kwamfuta ashirin.

Me ya sa sai unguwa, musamman a Jos

Jos ba baƙuwar fasaha ba ce. A nan aka fara nuna talabijin mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, a nan kuma aka fara gwajin komawa talabijin na dijital a Afrilun 2016. Cibiyar nHub ta shekara kusan goma tana yaye masu rubuta manhaja. Akwai ma wani tarihi da ba kowa ya sani ba. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda intanet ke da tsada da jan ƙafa. Daga nan aka samo dabarar eGranary: a tara miliyoyin shafuka da littattafai cikin ma'ajiya guda, a ajiye a makaranta, ɗalibai su yi bincike ba tare da sabis ba. Sunan da aka ba ta ma daga rumbu aka ɗauko shi.

Amma duk mazaunin Jos ya san abin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka yi wa taswirar garin. An rabu, kowa ya koma inda nasa suke. Uwa a Unguwar Rogo za ta yi tunani biyu kafin ta bar 'yarta ta ƙetara gari da yamma don koyon kwamfuta, uwa a Unguwar Rukuba ma haka. Komai kyan cibiya, ta waɗanda ke jin za su je su dawo lafiya ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa a kai karatun inda mutane suke.

Kuma wuraren suna nan, ba sai an gina ba. A garin nan aka kafa Izala a 1978, hedikwatar majami'un COCIN da ta ECWA duk a nan suke, ga makarantun ɗariƙu da na JNI. Islamiyyar matan aure na cika sau da yawa a mako, zumuntar mata a majami'u haka nan. Ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ga 'yan adashi. Gidajen kallon ƙwallo suna da benci da janareto da babban allo, kuma da safe a rufe suke. Darasin eGranary yana aiki a nan: koyon madannai da atisayen jarrabawa ba sa buƙatar data, akwai manhajojin gwaji da ke aiki ba sabis. Tsofaffin kwamfutoci biyar da sola ɗaya sun isa yara talatin su riƙa karɓa-karɓa. Maƙwabtanmu sun gwada makamancin haka: gidauniyar Fantsuam a Kafanchan ta daɗe da kafa nata sabis na intanet don ƙauyuka, cibiyar CITAD ta Kano kuma tana horar da al'ummomi yadda za su kafa nasu.

Abin da ke bambance karatun da ke zama da wanda ke zubewa ba na'ura ba ce. Mai koyo ya riƙe wayarsa da hannunsa, malami ya harɗe nasa a baya, ko da za a yi minti goma ana neman maɓalli ɗaya. A yi da Hausa, ko da harshen da mutanen wurin suka fi sakewa da shi. Mata su koya wa mata, dattawa su zauna da sa'o'insu inda ba wanda zai ji kunyar cewa a maimaita. A fara da abin da ya kawo mutum: mai sayar da dankali yana son ya tabbatar kuɗi sun shigo, mai ɗinki tana son ta tura hoton kaya, wanda bai yi boko ba a fara masa da saƙon murya. Malami kada ya taɓa tambayar lambar sirrin kowa, wannan ita ce doka ta farko kuma darasi na farko. Sama da komai, a san rana da wuri: kowace Asabar bayan La'asar, a aji kaza. Sanin cewa akwai inda za ka koma da tambayarka shi ne abin da bitar kwana uku ba ta bayarwa.

Abu ɗaya da nake so masu shirya irin wannan su ji: a biya malamin, ko kaɗan ne. Matashin da ba shi da aiki zai yi don lada wata ɗaya, wata biyu, sannan neman abinci ya ɗauke shi. Unguwar da ke iya tara kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma tana iya tara wannan. Masu kafe da masu POS kuma a jawo su ciki, su suka fi kowa sanin inda mutane ke tuntuɓe.

Masu ɗari-ɗari da hujjojinsu

Akwai iyaye da malamai da magidanta da ke ganin koya wa mata da yara intanet buɗe ƙofar ɓarna ce. Tsoronsu ba na banza ba ne, kowa ya ga abin da ke yawo a TikTok, kowa ya san auren da waya ta kashe. Sai dai wayar ta riga ta shiga gidan. Yarinyar da ba a koya wa rufe shafinta ba, ba a gaya mata hoton da ta tura ba ya dawowa ba, ita ce ta fi shiga haɗari. Uwar da ba ta iya duba waya ba kuma ba ta da yadda za ta san abin da ɗanta ke kallo. Idan a islamiyya ake karatun, a gaban malama, tarbiyya da iyawa tare za su tafi.

A Jos akwai ƙarin dalili. Mun ga yadda hoton wani tsohon rikici, wani lokaci ma na wata ƙasa, ke yawo da sunan yanzu ake yi a unguwa kaza, kafin azahar an rufe shaguna, iyaye na gudu makaranta ɗauko yara. Dattijon da ya iya tambayar asalin hoto kafin ya tura wa mutum ɗari biyu yana aikin da jami'an tsaro ba za su iya yi masa ba.

Wasu kuma na cewa wannan sauke wa gwamnati nauyi ne: mun haƙa rijiya, mun sayi taransifoma, mun ɗauki 'yan sintiri, yanzu kuma mu koyar da kwamfuta? Maganarsu tana da ƙarfi, ban kuma ce a daina bin haƙƙi ba. Amma unguwar da ke da aji mai tafiya, da sunayen ɗalibai da malami, ta fi ƙarfin zuwa gaban kansila ko ɗan majalisa ta ce a buɗe mana ɗakin kwamfutar nan da ke rufe a makarantar gwamnati, mu muna da mai kula da shi.

Abin da ya fi ƙarfin unguwa

A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Babbar waya mafi araha ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin intanet mai ƙarfi ya kai kashi 70 cikin ɗari, aka ƙare a wajen rabi. Shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa na tafiyar hawainiya, duk da gwamnoni sun amince tun 2020 a riƙa karɓar naira 145 kacal a kowace mita daga kamfanonin da ke shimfiɗa ta. Wuta kuwa kowa ya san halinta. Babu adashin da zai gyara waɗannan.

Haka nan harshe. Google Translate na da Hausa tun 2013, Facebook ma ya samu a 2016, amma shafukan da talaka ya fi buƙata, na banki da na neman aiki da na tallafi, kusan duk da Turanci suke, Turancin ma mai nauyi. Makafi da kurame kuwa ba a cika tunawa da su ba wajen gina shafukan. Wannan gyaran na hukumomin da suka mallaki shafukan ne.

Idan aka bar abin yadda yake, asarar ba za ta zo da ƙara ba. Ɗari biyar a kafe yau, dubu ɗaya gobe, gurbin aikin da ya wuce saboda ba a duba imel ba, tallafin da ya maƙale a wayar wani. Mata da tsofaffi da mutanen ƙauye su za su fi biya.

Kan jarrabawa kuwa, Majalisar Wakilai ta nemi a ƙarshen 2025 a jinkirta mayar da WAEC kan kwamfuta har makarantu su shirya. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, JAMB na nan tana jiran duk ɗan aji uku na babbar sakandare, kuma a 'yan shekarun nan a watan Afrilu take zama. Unguwar da ta buɗe ajinta na Asabar a Oktoba tana da Asabar sama da ashirin kafin yaranta su shiga zauren.